Shawara: Ana Sayen Zanena, Amma Ba Wanda Ke Tuna Sunana

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce, shekarata 26, ina zaune a Zariya. Zane na karanta a jami'a, kuma tun da na gama hidimar ƙasa da shi nake rufa wa kaina asiri. Ina zana fuskokin mutane da fensir, ina rubutun Larabci na ado, ina yi wa makarantun yara fentin bango, wani lokaci har katin biki nake tsarawa. Damuwata ita ce har yau ba a san ni da komai ba. Sau uku ina biya a yi mini tambari, sau biyu ina sauya sunan shafina na Instagram. Kwanakin baya na je barka wani gida, na tarar da zanena rataye a falo, na tambayi matar gidan wa ya yi shi, ta ce wallahi ta manta, wata yarinya ce dai a intanet. Ranar da kuka na kwana. Ƙawata ta ce sai na riƙa nuna fuskata a bidiyo kafin a san ni, Babanmu kuma ya ce bai yarda ba. Akwai wata mai zane a Legas da kasuwarta ke ci, na fara bin irin launukanta, amma raina bai kwanta ba. Ga shi kuma wani ya ɗauki zanen ƙofar gari da na yi ya buga a riguna yana sayarwa. Na haɗo miki da hotunan ayyukana. Anti ki taimaka, ta ina zan fara?

Amsa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sa albarka a hannun nan naki.

Share hawayenki tukuna. Matar nan ba ta jefa zanenki a ɗakin tarkace ba, a falo ta rataye shi, inda take saukar baƙinta na kunya. Ke nan aikin ya yi abin da aka yi shi dominsa. Abin da ya ɓace shi ne hanyar da za ta dawo da mai kallo gare ki, kuma ina kyautata zaton da an juya bayan zanen nan ba za a samu sunanki ko lambarki ba. Wannan ciwo ne mai magani. Tunda kin san gidan, ki koma da fara'arki ki gaya mata ke ce yarinyar, ki roƙi alfarma ki rubuta sunanki a bayansa. Daga ranar ba za ta sake mantawa ba, kuma duk baƙon da ya yaba zanen sai ya sha labarin.

Sai maganar tambari. Don Allah kada ki sake biyan kowa ko sisi a kansa yanzu. Ba masu yi miki ne suka gaza ba. Kin je musu ne ba ki riga kin yanke wa kanki shawarar me kike so a san ki da shi ba, su kuma suka ba ki abin da suke ba kowa: burushi a gicciye, ɗigon fenti, sunanki da rubutu mai lanƙwasa. Tambari ba ya ƙirƙiro wa mai zane kamanni. Abin da yake yi kawai shi ne ya tuna wa mutane kamannin da suka riga suka gani a cikin aikin. In babu abin tunawa, ko sau goma aka sauya shi haka zai zauna fanko.

Na zauna na duba hotunan da kika aiko, kuma zan gaya miki gaskiya yadda zan gaya wa wadda na haifa. Zanen fuskokin nan suna da kyau, hannunki ya faɗa. Amma da za a jera su tare da na masu fensir goma daga Kano da Kaduna, ba zan iya ware naki ba. Ba aibinki ba ne, haka aikin yake: wanda ya fi iya kwafar hoto shi ne wanda hannunsa ya fi ɓacewa a cikin hoton. Rubutun Larabcin ma ya yi tsaf, sai dai na ga irinsa a shaguna da yawa. Inda na tsaya na kasa wucewa shi ne guda huɗu: ƙofar garin nan, zauren mai zankwaye, tsohon ƙyauren katako mai ƙusoshi, da bangon da damina ta fara cin gindinsa. A duka huɗun jar ƙasa ce ta mamaye fili. A duka huɗun ba ki yi inuwa da baƙi ba, da shuɗin baba kika yi ta. Ƙofofinki kullum a sakaye suke, ba a rufe ruf ba, ba a buɗe hanhai ba. Babu mutum a ciki, amma akwai alamar yanzu ya gifta: takalmi a bakin zaure, buta a jingine, keke a gefe. Ban sani ba ko kin lura kina yin haka, amma abin da kike ta biyan kuɗi a nemo miki ga shi nan a hannunki.

Ki kuma lura da wani abu. Mutumin da ya zalunce ki bai ɗauki zanen fensir ba, bai ɗauki katin biki ba. Ƙofar ya ɗauka, domin ita ce ya ga za ta tsayar da mai wucewa.

Kada ki tsaya a kan ganina kaɗai. Ki share tsakar ɗaki, ki baje duk ayyukanki na shekarun nan, waɗanda aka saya ki buga hotunansu ko da ƙanana ne. Ki ware waɗanda kika yi don an saka ki, ki bar waɗanda kika yi don ranki ya so. Sai ki kira mutum biyu ko uku da ba su karanta zane ba, kamar Mamarku ko wata maƙwabciya, ki tambaye su me suke ta gani yana maimaita kansa. Su ba za su yi miki Turancin aji ba. Za su ce, ke dai kina son jan nan, ko su ce, ke kullum sai kin sa ƙofa. Maganarsu ta fi ta abokan karatunki amfani a nan, saboda irin idonsu ne zai sayi aikinki.

Abin da nake gaya miki ba sabo ba ne, kuma a garinku aka yi babban misalinsa. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Abin da suka tsaya a kai shi ne su riƙe dabarun da malamansu Turawa suka koya musu, amma kowa ya koma gida ya ɗebo abin da zai zuba a ciki. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya mai da siririn layinsa harshen aikinsa. Onobrakpeya ya ɗebo daga tatsuniyoyi da al'adun Urhobo. Grillo kuwa shuɗi ya riƙe, har ya kai masu sanin zane kan hango aikinsa daga nesa su ambaci sunansa kafin su ga sa hannun. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fara da tambari.

Ki ciro takardar naira 20 ki dubi bayanta. Ladi Kwali ce tana ginin tukunya. Ta koyi sana'ar a gida irin ta matan Gwari, sannan a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila mai ginin tukwane Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. A can ta koyi sababbin dabarun gashi da sheƙi, amma ba ta yar da ƙadangarunta da kunamu da kadoji da kifayen da take tsagawa a jikin tulu ba. Tana da ɗan hatimi mai haruffa biyu, LK, da take dannawa a jikin aikinta. Hatimin ƙarami ne, sai an duba ake ganinsa. Ƙadangarun ne ke kiran mutum, hatimin kuma ya tabbatar masa. Wannan shi ne tsarin da nake so ki bi, kuma shi ne kika juya a baya.

Tunda kina rubutun Larabci, ki nemi ayyukan Ibrahim El-Salahi na Sudan ki kalla da kyau. Ya yi karatun zane a Landan a shekarun 1950, ya dawo Khartum ya tarar mutanensa ba su damu da irin zanen da ya koyo ba. Sai ya waiwayi haruffa da allon makarantar mahaifinsa, ya riƙa warware harafi har ya zama siffa. Da wannan duniya ta san shi, har a 2013 gidan Tate Modern na Landan ya baje kolin ayyukansa na tsawon rayuwa. Na kawo shi ne don ki ga rubutun da kika iya ba asara ba ne. Yana iya shiga cikin ƙofofinki, a saman zaure ko a jikin ƙyaure, kamar yadda magina ke rubuta shekarar gini a goshin gida.

To, idan kin yarda ƙofofi da bangaye ne naki, sai ki zurfafa, kada ki tsaya a hoton da kowa ke ɗauka daga titi. Zariya ta ishe ki aikin shekaru. Ga Ƙofar Doka, ga Kuyambana, ga Gayan, ga Kibo, ga Kona. Ga tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19, wanda har yau masu nazarin gine-gine ke zuwa kallon bakan gizonsa. Ga lungunan cikin birni inda sauran gidajen tubali da azara ke tsaye, wasu da shafen makuba, wasu siminti ya riga ya cinye rabinsu. Ki samu tsohon magini ki gaishe shi da ɗan goro, ki tambaye shi sunayen zanen da ake yi a fuskar gida da yadda ake fitar da su. Ki je wurin masu ɗinkin babbar riga ki ga yadda ake zaunar da aska takwas a ƙirji. Abin da za ki samo a irin waɗannan wurare babu shi a wayar kowa, kuma shi ne zai sa mai kwaikwayonki ya riƙa biyo ki a baya kullum. Gidajen nan rushewa suke yi duk damina, abin yana ci mini rai, kuma wanda ya zana su da ilimi ya yi wa garin hidima ko da bai yi niyya ba.

Gargaɗi ɗaya a nan. Za a ba ki shawarar ki manna dagin Arewa a tambarinki don a san ke 'yar Arewa ce. Dagi alama ce mai daraja, amma yana jikin ƙofofin gidaje da kalandu da tambarin ƙungiyoyi da shaguna ba iyaka. Yana faɗin yankin da kika fito, ba ya faɗin ke wace ce. In ya zo a jikin bangon da kike zanawa, ki zana shi. Kada dai ki ɗora masa nauyin sunanki.

Yanzu sai ƙananan abubuwan da ke ɗaure aikin wuri guda, kuma na farkonsu suna ne. Ki zaɓi ɗaya ki zauna a kansa. Ni na fi son mai zane ta yi amfani da sunanta na yanka da na mahaifinta, domin masu sayen zane mutum suke nema, ba shago ba, kuma suna ne da aure ba zai taɓa shi ba. Ki gwada shi haka: ki faɗa wa mutum a waya sau ɗaya, ki ga ko zai iya rubuta shi daidai. In sai kin ce a sa ɗigo nan, a ja layi can, a ƙara lamba a ƙarshe, to ya yi nauyi. Sunan shafi a Instagram ba ya karɓar ƙ da ɗ da ɓ, saboda haka a wurin za ki rubuta da haruffa marasa lanƙwasa, amma a katinki da rasit ɗinki ki rubuta sunanki yadda yake, ki kuma tabbatar salon rubutun da kika zaɓa yana ɗauke da haruffan nan, don da yawa ba su da su, sai ki ga harafi ɗaya ya fito bare a tsakiyar kalma. Sunan nan ɗaya shi ne a Instagram da Facebook da TikTok da WhatsApp. Duk sauyin da kika yi a baya, wasu da suka so dawowa sun neme ki sun rasa.

Sa hannu ya fi tambari muhimmanci a wurin mai zane, amma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ki zauna da takarda ki yi ta gwadawa har ki samu wanda ke karantuwa kuma hannunki ke yinsa ba tare da tunani ba. Ko da boko, ko da ajami, wanda duk kika ɗauka ki riƙe shi. Kusurwa ɗaya, girma ɗaya, a cikin fentin tun bai bushe ba, ba a gefen da firem zai rufe ko almakashi zai yanke ba. A bayan kowane aiki kuma ki rubuta cikakken suna, sunan zanen, shekara, irin fentin da kika yi amfani da shi, da inda za a same ki. Ki sa a yanka miki hatimin roba don wannan, kuɗinsa bai kai na tambari ɗaya cikin ukun da kika biya ba. Ki haɗa kowane zane da ɗan kati mai layi uku ko huɗu: wace ƙofa ce, a wace unguwa, me ya tsayar da ke a gabanta. Mai saye yana son abin da zai faɗa idan baƙo ya tambaya, ke ce za ki sa masa maganar a baki.

Launi kuwa kin riga kin zaɓa ba ki sani ba: jar ƙasa, shuɗin baba, da farin ƙasa mai ɗan duhu. Uku sun isa. Su za su zama launin katinki, da takardar naɗe kaya, da bangon shafinki. Ki buɗe littafi ki rubuta yadda kike haɗa kowanne, kashi nawa na wane fenti, ki shafa samfurinsa a gefe, don kada janki na bana ya bambanta da na baɗi. A kwamfuta kowane launi yana da lambarsa mai alamomi shida, ki sa a fitar miki da ta kowanne ki adana, duk mai yi miki aiki ki ba shi. Ki kuma sani fuskar waya da haske take haɗa launi, injin ɗab'i kuma da tawada huɗu, shi ya sa abin da ya yi kyau a waya kan fito a dushe a takarda, kuma shuɗi ya fi kowanne saurin karkata zuwa shunayya. Kada ki yarda a buga miki kati ɗari biyar sai an fara buga ɗaya kin riƙe shi a hannu kin gani a hasken rana.

Bayan duk wannan ya zauna, sai a zo kan tambari, kuma za ki ga ya zo da sauƙi. Yana iya zama sa hannunki kawai da aka gyara. Yana iya zama siffar ƙofa a sakaye da layi uku ko huɗu. Ke mai zane ce, ki fara zana shi da hannunki, sannan ki kai wa mai kwamfuta ya tsabtace. Ki gwada shi da launi ɗaya tak, ki ƙanƙanta shi ya koma kamar farcen babban yatsa, ki sa shi cikin da'ira tunda haka hoton shafi ke fitowa. In ya tsira daga ukun nan, ya yi. Ki karɓi ainihin fayil ɗin da ake iya faɗaɗawa ba ya fashewa, irin SVG ko PDF, da kuma PNG marar bango, ba hoton da aka turo ta WhatsApp kaɗai ba. Ku rubuta a takarda cewa tambarin mallakarki ne. Ki guji ɗaukar wanda aka riga aka tsara a manhajar zane ta Canva ki sauya suna kawai, domin dubban mutane na amfani da irinsa, kuma ƙa'idar kamfanin ba ta ba ki damar yi masa rajista a matsayin naki ke kaɗai ba. Sannan ki kiyaye wannan: kada aya ko sunan Allah su shiga tambari ko sitika ko ledar kaya. Waɗannan abubuwa a bola suke ƙarewa.

Hoton aiki ma yana cikin kamanninki. Hotunan da kika aiko mini wani a kan gado aka ɗauka, wani a jingine da kujera, wani da hasken fitila ya mai da shi rawaya. Ki samu bango ɗaya a gidanku, a inuwa, ki riƙa ɗauka da hantsi, waya a daidai tsakiyar zanen, ba filasha. In za ki tura wa mai saye, ki tura a matsayin fayil don kada a matse shi ya dushe.

Sai maganar fuska, wadda na san ita ta fi tsaya miki a rai. Ƙawarki ta faɗi rabin gaskiya: mutane sun fi sakin jiki su sayi abu idan sun ji akwai mutum a bayansa. Akwai kuma waɗanda shigarsu ta zama ɓangaren sunansu, kamar Nike Davies-Okundaye mai adire, da ake ganewa da manyan ɗaurin kanta. Hanya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Jin akwai mutum ba sai da fuska ba. Hannunki yana haɗa jar ƙasa a faranti mutum ne. Muryarki tana ba da labarin Ƙofar Gayan da Hausarki ta Zazzau mutum ce, kuma ta fi fuskar wuyar kwaikwayo. Ki kafa wayar daga sama ta kalli teburin aiki, ki yi magana yadda kike yi da ƙannenki. Kada ki ja da Babanku a kan wannan. Ba sana'ar ya hana ki ba, tsoron abin da idon duniya ke yi wa 'ya mace ne, kuma tsoronsa yana da tushe. Ki yi bidiyo biyu irin wanda na faɗa, ki kai masa ya gani kafin ki saka, ki nemi albarkarsa. Ina sa ran wanda ya ga 'yarsa tana adana tarihin garinsu zai fara nuna wa abokansa a majalisa.

Ita kuma mai zanen Legas, ki bar mata launukanta. Ranki da bai kwanta ba ya riga ya ba ki amsa. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma duk wanda ya ga aikinki ya tuna da ita, talla kika yi mata kyauta. Abin da ya halatta ki koya a wurinta shi ne tsari: yadda take ɗaukar hoto, yadda take amsa masu tambaya, yadda take naɗe kaya, yadda ba ta ɓacewa wata uku ta dawo.

Ban ce ki daina zanen fensir da fentin makarantu ba. Da su kike sayen fenti, kuma babu abin kunya a aikin da ke ciyar da mai shi. Raba su kawai za ki yi. Babban shafinki na ƙofofi ne, wanda ya shiga ya ga abu ɗaya ya fahimta nan take. Sauran ayyukan su koma WhatsApp da bakin waɗanda kika taɓa yi wa, ko wani ƙaramin shafi daban. A hankali ki riƙa jawo su gida: in makaranta ta kira ki fentin bango, ki ba su shawarar zanen gari da ganuwa da launukanki; in amarya ta nemi kati, ki nuna mata mai siffar zaure. Wasu za su ƙi, ki yi musu abin da suke so ki karɓi kuɗinki. Waɗanda suka yarda kuwa sun biya ki kuma sun yaɗa ki.

Game da mai riguna, doka tana bayanki. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, zane yana zama naki tun ranar da kika yi shi, ba sai kin yi rajista ba, kuma kariyar tana nan tsawon rayuwarki da shekara 70 bayanta. Ko wanda ya sayi zanen a hannunki, allon ya saya, bai sayi izinin buga shi a riga ko kalanda ba, sai in kin sallama masa a rubuce. Ki tattara shaidarki: zanen gwaji na farko, hotunan aikin yana kan hanya, ranar da kika fara saka shi a shafi, da hoton rigunan da inda yake tallarsu. Ki fara da saƙo na mutunci a rubuce, ko ki tura wani babba namiji daga gidanku, a nuna masa aikin yana da mai shi, a ba shi zaɓi: ya daina, ko ku yi yarjejeniya ya riƙa biyan ki kuma sunanki ya fito a jikin rigar. Da yawa ba mugunta ba ce, sun ɗauka duk abin da ke intanet na kowa ne. In ya yi taurin kai, Instagram da Facebook suna da fom na kai ƙarar satar aiki, kuma akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wadda kuma take karɓar rajistar ayyuka don ƙarin shaida. Kada ki fara da tona shi a shafi, rigimar za ta fi zanen yaɗuwa. Ki kuma san cewa rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC daban take da rajistar tambari, wadda ake yi a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya. Ta farkon za ta amfane ki da wuri, don buɗe asusun banki da karɓar aikin ma'aikatu. Ta biyun ki jira sai tambarin ya zauna.

Abin da ya rage shi ne mafi wuya, wato zama a kan abu ɗaya. Ke za ki gaji da jar ƙasa da shuɗin nan tun kafin mutane su fara lura da su, domin ke kullum kike ganinsu, su kuwa sai jefi-jefi suke gilmawa ta gabansu. A daidai lokacin da kika ji kin ƙosa, a lokacin ne suka fara shiga idon jama'a, kuma a nan ne kika riƙa rushewa kina sake gini. Ki ɗaukar wa kanki alkawarin shekara guda cur ba sauya suna, ba sauya launi, ba sauya sa hannu. Ki sa wa kanki aikin ƙofofi ashirin, manya da ƙanana, har da 'yan ƙanana masu sauƙin kuɗi da ɗalibi zai iya saya. Kada ki ji tsoron an ɗaure ki. Grillo da shuɗinsa ya yi zanen ƙyalle, ya yi na gilashin tagogi, duka kuma an gane shi. Ke ma ƙofa za ta kai ki kasuwa, ta kai ki marina, ta kai ki Kano da Katsina da Damagaram in Allah ya nufa, kina nan dai da hannunki.

Idan ashirin ɗin sun cika, ki koma sashen da kika yi karatu ki nuna wa malamanki, ki nemi reshen Ƙungiyar Masu Zane ta Najeriya mafi kusa da ke, ki kuma sa ido a kan gasar matasan masu zane ta Life In My City da ake yi a Inugu duk shekara. Masu zaɓen ayyuka a irin waɗannan wurare jerin aiki mai magana ɗaya suke nema, kuma a lokacin za ki kasance da shi. Ki rubuto mini in ji yadda kuka yi da Baba da kuma mai rigunan. Allah ya dafa miki, ya sa ki gama da iyayenki lafiya.